Simintin Kawu Idrissa

A duk unguwarmu ta cikin tsohon garin Agadez ban san mutum mai zargi irin Kawu Idrissa ba, kuma ƙanen mahaifiyata ne, don haka ba da bakin maƙiyi nake faɗa ba. Lemu da rumman na Timia yake sayarwa a ƙofar zaurensa. In an kawo masa kwando, bai taɓa duban na sama ba. Sai ya kife shi a tabarma ya ga abin da aka ɓoye a ƙasa. Tun yana saurayi wani mai lambu ya taɓa shirya masa ruɓaɓɓu a gindin kwando, shi ke nan duniya ta shiga uku a hannunsa. Ko shayi ka miƙa masa sai ya shinshina.

Abu ɗaya ne bai taɓa zargi ba: bangon zauren nan. Mahaifinsa, kakana, shi ya gina shi da laka, ya zana ado a saman ƙofar da yatsunsa, har yau ana ganin inda babban yatsansa ya nutse. Duk bayan damina Kawu da kansa yake yaɓe shi, ba ya yarda magini ya taɓa.

Da aka ce za a shimfiɗa wa lungunmu pabe, wato tubalin siminti da ake jerawa a hanya, kowa ya yi murna sai shi. Ya fito da kujera ya zauna yana lura da masu aiki kamar an ba shi gadi. Suka baje yashi, suka daddaɓe, suka jera tubali ɗaya jikin ɗaya, suka share yashi cikin tsagogin. Suka wuce gaba.

Kawu ya kira shugabansu, wani dogo mai suna Issouf. "Kai yaro, ina simintin?"

"Baba, ai pabe ba a kama shi da siminti. Yashi ke riƙe shi. In tiyon ruwa ya fashe a ƙasa, jiƙar za ta fito ta tsagogi a gani da wuri. A ɗaga tubalin, a gyara, a maida shi. Ba kamar gudron ba, wato kwalta, da sai an farfasa."

Kawu ya yi wani murmushi da na sani. Da Issouf ya juya baya ya ce mini, "Ka ji ko? Sun sayar da simintin, sun shirya mana tatsuniya." Gaskiya ni ma a lokacin na ɗan yi shakka, don ban taɓa ganin ginin da yashi ke riƙewa ba.

Ranar Juma'a da masu aiki ba su zo ba, Kawu ya sayo buhun siminti, ya kwaɓa da ruwa-ruwa, ya tsiyaya a duk tsagogin da ke gaban zaurensa, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya bushe ya zama kamar faifai guda. Yana dukansa da ƙafa yana cewa, "Nan kam ba a cuce ni ba."

Hanyar ta yi kyau, ba ƙarya. 'Yan kabu-kabu, masu baburan haya, suka daina tsallake lungunmu. Ruwan damina ya zo ya wuce bai bar taɓo ba. Da tiyo ya fashe gaban gidan Hauwa mai fura, maƙwabciyarsa, da safe aka ga tsagogi sun yi baƙi, kafin la'asar an ɗaga tubali an gyara an maida, kamar ba a taɓa ba. Kawu ya ce dama sun shirya fashewar ne don su burge mutane.

Bayan damina gindin bangonsa ya fara jiƙa ta ciki. Lakar ta yi laushi, wani farin gishiri ya fito. Ya ce Hauwa ce ke watsa masa ruwan wanke-wanke. Suka yi ta, har ta rantse da Allah tana kuka, ta daina gaishe shi. Ya koma kan masu sayen lemu, ya ce wani ke tsugunawa a nan. Daga baya ya ce sammu ne, ya sa aka yi masa rubutu ya yayyafa wa bangon, ya ƙara masa ruwa a kan ruwa. Na ce, "Kawu, ko a duba ƙarƙashin hanya?" Ya nuna mini simintinsa a bushe ƙayau, ya ce, "Nan ne kaɗai wurin da na tabbata da shi a garin nan."

Wata hantsi yana auna wa wata mata rumman, bangon ya zauna. Bai yi wata ƙara ba, sulalewa kawai ya yi, ƙofar da adonta suka bi shi. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo.

Issouf ya zo da guduma, don tubalin da Kawu ya kama da siminti ba ya ɗaguwa da hannu. Da aka fasa, ga tiyo nan ya tsage, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ruwan ya nemi hanyar fita sama ya tarar an toshe, sai ya bi ta gefe ya shiga gindin bangon. Issouf ya ajiye gudumar. Hauwa kuwa tana tsaye a ƙofarta da ludayi a hannu tana kallon Kawu, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Na so in ji haushinsa, amma tausayi ya hana ni. Yana durƙushe cikin jiƙaƙƙiyar laka yana juya gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, yadda yake juya lemu. Ya samo wani guntu mai shatin babban yatsa, ya sa nasa yatsan a ciki. Lakar ta yi laushi da yawa, ta narke a hannunsa.

Issouf ya tambaya a hankali, "Baba, mu maida tubalin?"

Kawu bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ku maida. Da yashi."