Ƙodar Hamisu Ɗan Dako

Har gobe ba na mantawa da wata Alhamis a watan Afrilu, ranar kasuwar Maigatari, ina ƙaramar jami'ar lafiya a wani asibitin sha-ka-tafi. Zafin bazara ya kai inda ko akuya ba ta barin inuwa. Bayan azahar aka turo wani ɗan dako, Hamisu, a cikin baro, leɓensa a bushe, yana ta amai.

Na tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari. Ya sunkuyar da kai. "Tun jiya da safe, Hajiya. Shi ma ɗan kaɗan, ja kamar shayi."

Idan gumi ya kwashe ruwan jiki, jinin da ke zuwa ƙoda yana raguwa, ga shi kuma Hamisu ya ce kullum sai ya haɗiyi maganin ciwon jiki, wanda ke ƙara mata wahala. Na sa masa ƙarin ruwa, shugaban asibitinmu ya tura shi babban asibitin Gumel. Likita ya duba gwajin jini ya ce in fitsari bai sauko ba, sai Kano, wankin ƙoda.

Abin da ya ƙona mini rai, ba rashin ruwa ba ne. Dokar 'yan lodin riɗi ce, inda Hamisu ke dako: wanda ya fita layin jiran kaya, ko fitsari ya je, ya koma baya. Shi ya sa suke ƙin shan ruwa.

Washegari na tari shugabansu, Baba Sale.

"'Yata, haka muka gada," in ji shi.

"To Baba, zo mu je ka ga gadon."

Bai so ba, amma ya bi ni Gumel. Muna tsaye a kan Hamisu, ma'aikaciyar jinya ta ɗago jakar da ake tara fitsarinsa, ta kusa cika. Ban taɓa murna da ganin fitsarin mutum haka ba, har da ƙwallata.

A makon nan Baba Sale ya sa aka kafa randa a inuwa kusa da layin, ya ce duk wanda ya ajiye gammonsa a layi, wurinsa na nan har ya dawo.

Ku da kuka shigo aikin lafiyar nan, ku riƙa tambayar majinyaci yadda yake neman abincinsa, cutar takan ɓuya a can. Hamisu bai je Kano ba. Yana nan yana lodi, da ƙodarsa biyu lafiya lau.