Koren Silifa a Bakin Ƙofa

Na zo Riyad ina da shekara arba'in da 'yan kai, ban san ko harafi ɗaya ba. Aikina walda, a wata warsha da ke unguwar Gubaira inda muke ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe. Ɗakin da aka ba ni, tare muke kwana da wani dattijo direba, wanda ya yi aikin bishara a ƙauyukan Bauchi kafin neman abinci ya kawo shi nan. Baba muke ce masa.

Shi ya fara tara mu. A garin nan babu ginin coci, Lahadi kuma ranar aiki ce, don haka tamu Lahadin ita ce Juma'a. Da hantsi 'yan'uwa sukan zo ɗaya bayan ɗaya: wani nas da ke aiki a asibitin unguwar Shumaisi da matarsa, da masu shara, da wani mai gyaran wuta. Kowa ya shigo da takalminsa a hannu, domin tarin takalma a ƙofar gwauraye yana jawo tambaya. Sai mu kunna tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin niƙa, mu yi waƙa a ƙarƙashin ƙararta, muna tafi da yatsu biyu. Baba ya karanta mana Littafi, mu yi addu'a, ni kuma in zuba shayi.

Ana nan sai kafilin Baba, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, ya sayar da motocinsa, bai sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba. Kafin mu ankara an yi masa bizar fita. Ranar tafiya ya ɗora mini Littafin a hannu.

Na ce, “Baba, ka fa san ban iya karatu ba.”

Ya ce, “Na sani. Amma ka iya shara, ka iya shayi, kuma ba ka da saurin fushi. Ka riƙe mini ƙofar nan.”

Bayan ya tafi na share ɗakin tas. A bakin ƙofa daga waje na ga tsohon koren silifansa, rana ta cinye shi har ya tsattsage. Na ce a raina tsufa ya sa Baba yana karya dokar da ya kafa da bakinsa. Na ɗauke shi na tura ƙarƙashin gado.

Juma'a ta zo. Na shimfiɗa tabarma, na dafa shayi, na kunna na'ura. Na ji takun mutum yana hawowa bene, ya zo daidai ƙofa, ya tsaya, sai ya juya ya sauka. Can wani ya zo, shi ma haka. Juma'ar da ta biyo ma haka. Daga baya ko takun na daina ji.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Baba ya hana mu zancen taro a waya, waɗanda na kira kuwa gaisuwa suke yi a gaggauce su kashe. Na ce ai ba laifinsu ba ne. Me mai ilimi kamar nas zai zo ya koya wurin mai walda da bai san kan takarda daga gindinta ba? Akwai Juma'ar da na shanye butar shayin ni kaɗai, na naɗe Littafin a tsumma da niyyar in aika wa Baba kayansa. Sai na tuna ƙofa ya ce in riƙe, bai ce in riƙe mutane ba. Na kwance tsumman. Na ce idan karatu ne ya kore su, to zan koya.

A warsharmu akwai wani mai fenti mutumin Maraɗi, Musulmi, wanda ya yi boko. Na roƙe shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Fasto, da wannan furfurar?”

Na ce, “Malam, ai ba da gashi ake karatu ba.”

Ya yi dariya ya ce, “To. Ni baƙi zan koya maka. Abin da za ka karanta da su, tsakaninka da Ubangijinka.”

In ya idar da sallar azahar, sai mu raɓe a inuwa, ya rubuta baƙaƙe da alli a jikin farantin ƙarfe. Nakan danne allin har ya karye. Yakan ce, “Sassauta, bawan Allah, ba walda kake yi ba!” Haka muka ƙare zafi muka shiga sanyi. Kowace Juma'a kuma ina shimfiɗa tabarma, in zauna ni kaɗai ina bin layi da yatsa.

Da sanyi ya tsananta na je kasuwar Dira sayen bargo. Ina taya wani bargo, sai na ji an taɓa kafaɗata. Nas ɗin nan ne. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

“Ɗan'uwa, kana lafiya? Har yanzu ana sa maka ido?”

“Wa ke sa mini ido?”

“To me ya hana ka fitar da silifa?”

“Wane silifa?”

Ya buɗe baki yana kallona. “Koren silifan Baba mana! In yana waje, lafiya, a shigo. In ba ya nan, kada ma a ƙwanƙwasa. Da muka ga an sallami Baba, silifa kuma ya ɓace, sai muka ce an gane gidan. Matata har azumi ta yi maka.”

Ashe ni da nake kwana a cikin ɗakin ban taɓa zuwa daga waje ba, balle a gaya mini alamar. Baba kuma, cikin gaggawar tafiya, ya ɗauka na sani. Muka yi ta dariya muna share hawaye, har mai bargo ya ce in ba saye za mu yi ba mu matsa masa.

Ran Juma'a tun da safe na jawo silifan, na kaɗe masa ƙura, na ajiye shi a bakin ƙofa. Na ji taku yana hawowa, ya tsaya, sai aka ƙwanƙwasa. Kafin hantsi ya yi nisa takalma sun cika bayan ƙofa daga ciki, har da na baƙin da ban taɓa gani ba.

Da lokacin karatu ya yi, nas ya miƙo hannu zai karɓi Littafin. Na ce, “Dakata, ɗan'uwa.” Na buɗe, na ɗora yatsana mai tabon wuta a kan layi, na fara. Ina tafiya kamar jaki da kaya a cikin yashi, amma ban tsaya ba sai da na kai ƙarshen babin. Matar nas ce ta fara ɗaga waƙa, ran nan kuwa sai da na roƙe su su tuna da yatsu biyu.

Bayan shekara ɗakin ya yi mana kaɗan, muka rabu gida biyu. Da ake shawarar alamar da za a sa a gidan nas, na ce ba sai an sayi sabon silifa ba. Ƙafar dama tana ƙofata a Gubaira, ta hagu tana ƙofar nas a Shumaisi.