Famfon Bayan Karafan

Abin da ya riƙe ni a Jidda bayan na fita takaba ba wani babban al'amari ba ne, ruwan famfo ne. Maigidana ya rasu ya bar mini wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, irin wadda 'yan nan ke kira karafan, tana fake a gefen benen da muke haya a unguwar Safa. Akwai gado a cikinta, da murhu, da ɗan banɗakin da mutum ba ya juyawa a ciki sai ya bugi gwiwa. A ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardarsa ta izinin zama a ƙasar, nake zaune, tunda kuwa ya tafi, zamana ya ƙare. Mutumin da kamfaninsu ya ɗora wa aikin takarduna ya ce ba za a gama maganar fitata ba sai motar ta bar sunan mamaci. Aka samu mai saye, wani Balarabe mai son zuwa bakin teku da iyalinsa. Ya duba inji ya yaba, ya shiga ciki ya murɗa famfo, famfon ya yi tari ya fesa masa ruwa a gaban farar jallabiyarsa. Ya ce in ruwa ya gyaru zuwa ƙarshen mako zai ɗauka, in bai gyaru ba, halas, shi ke nan, ya ga wata a unguwar Bagdadiyya.

Ni da motar nan dama ba ma ga maciji. Ranar da maigidana ya kawo ta ya cika ni da daɗin baki, za mu Ɗa'ifa, za mu Abha, za mu kwana a kan dutse mu ga hazo. Sau ɗaya muka je bakin teku, sauro ya cinye mu, muka dawo. Daga nan ta kafe a wuri guda har ƙura ta yi mata bargo. Amma duk Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya biya shagon masu sayar da ruwan sha, ya ciko jarkoki, ya ɗura mata a tanki. Na yi mita har na gaji. Na ce mota ba ta zuwa ko nan da can amma tana shan ruwa kamar raƙumi. Sai ya yi dariya ya ce zafin Jidda ne ke shanyewa. Ni da na koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata kafin mu zo, na san rufaffen tanki ba ya ƙafewa haka, amma na bar shi da kayarsa.

Ni kaɗai na yi takabata. Yaranmu biyu suna jami'a a gida, ba a samu yi musu biza a kan lokaci ba. Abokan aikinsa sun zo a makon farko, maƙwabciyata Bamisiriya ta yi ta aiko da abinci har ita ma ta gaji, ban kuma ga laifinta ba. Sauran gaisuwa duk ta waya ta zo, a yi kuka, layi ya katse, in ajiye wayar in ci gaba da sauraron na'urar sanyaya ɗaki. Akwai ranakun da muryata ba ta fita ko kaɗan sai a cikin salla. Na yi kaɗaici irin wanda ban san akwai shi ba.

Na kira mai gyaran famfo, ya leƙa ya ce wannan aikin mai wayarin ɗin mota ne. Na kira mai wayarin, ya ce shi ba ya taɓa ruwa. Wani gareji a bayan gari ya ce a jawo musu ita, su duba in sun samu sarari. Raina ya ɓaci. Na ce ruwa ne fa, daga tanki zuwa famfo, ba ilimin taurari ba. Na ɗauko akwatin kayan aikin maigidan, na kalli bidiyon wasu Turawa masu irin motar a waya, washegari da hantsi na ɗaure abayata a ƙugu na shiga.

Ƙamshin maigidan na fara cin karo da shi, turarensa da ya kama labule. Na zauna a bakin gadon na ɗan jima kafin na iya tashi.

Tsarin ba shi da wuya in mutum ya natsu. Tanki yana ƙarƙashin gado. Daga shi bututu ya fito ya ratsa wata 'yar matata, ya shiga injin tura ruwa, wanda 'yan Jidda ke ce wa dinamo, daga nan ya rabu zuwa wurin wanke kwanuka da banɗaki. In komai lafiya, dinamo yana tashi ne kawai idan an buɗe famfo, in an rufe ya yi shiru. Nawa kuwa da zarar na danna makunni sai ya kama gurnani ba ƙaƙƙautawa, famfo na tofar da iska.

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Batir yana da caji, fis bai ƙone ba. Tankin ya kusa bushewa, don haka na sa mai shagon ruwa ya kawo jarkoki, na cika shi taf. Na buɗe famfunan duka don iska ta fita, kamar yadda Baturen bidiyon ya ce. Ruwa ya zo, ya yanke, ya sake zuwa da tari. Na kwance matatar, na tarar da ɗan yashi da gansakuka, na wanke ta da tsohon buroshin haƙori na mayar. Na yi murna na ce an gama. Na kunna, gurnanin yana nan yadda yake. Na bi kowace mahaɗar bututu da takardar goge hannu ina neman danshi, ƙarƙashin murhu, bayan masai, cikin kabad. Ko'ina a bushe. Zufa ta jiƙa ni sharkaf, na rufe motar na hau sama ina zagin wanda ya ƙera ta.

Da na dawo washegari ruwan tankin ya ragu sosai, alhali na kashe dinamo kafin in tafi. Wannan ya ba ni haske. Idan ruwa na fita ba tare da inji ba, kuma inji na zuƙar iska, to ɓarakar tana tsakanin tanki da dinamo ne. Sai dai ɗan bututun da ke wurin na shafa shi ya fi a ƙirga. Na haska tocila a bayan tankin, can ƙurya inda hannu ba ya kaiwa, sai na hango bututun ya yi reshe, reshen ya huda daɓen motar ya yi ƙasa. A bidiyon Bature babu wannan reshe.

Na fito na zagaya. Magen unguwa guda biyu suna kwance a ƙarƙashin bayan motar, inda kwalta ta ɗan yi duhu. Na kore su, na shimfiɗa kwali, na duba hagu da dama ko wani na kallona, na kwanta na shige.

Ina ganin aikin na san hannun da ya yi shi. Koren tiyo ne irin na ban ruwan fulawa, an cusa shi a bakin reshen, an naɗe mahaɗar da robar cikin tayar keke, an ja ta tamau an soke bakinta a ƙarƙashin naɗin. Haka ake ɗaure famfon da ya fashe a unguwarmu a gida, haka na ga ya ɗaure na gidan mahaifiyarsa. Injiniya guda, mai gyara na'urorin asibiti, amma da ya zo yin abin kansa sai ya koma robar taya. Zafin Jidda ya dafa robar ta tsattsage, ta nan ruwa ke ɗiga, ta nan iska ke shiga. Na bi tiyon da hannu har bayan ƙarfen da ke kare gindin motar. A can na taɓa ɗan kan famfo na tagulla, an ɓoye shi yadda mai wucewa a tsaye ba zai gani ba. Kusa da shi an rataye moɗa da waya.

Na daɗe a kwance ina kallon moɗar nan. A ƙofar gidan mahaifinsa akwai randa da ake cikawa kullum saboda masu wucewa, kowa ya zo ya sha ba ya neman izini. A bene hawa na uku babu ƙofar gida, babu inda za a girke randa. Ashe abin da yake yi da jarkokin Juma'a ke nan, ni kuwa ina sama ina mita. Haushinsa ya kama ni, don me bai gaya mini ba? Sai kuma kewarsa ta danne haushin, na yi kuka a ƙarƙashin mota, ƙura na shiga mini baki.

Ina nan sai na ji ƙarar ƙananan tayoyi, na ga ƙafafu cikin silifas sun tsaya. Hannu ya zuro da gorar roba yana laluben famfon. Na yi gyaran murya, mai hannun ta yi salati ta ja da baya. Na fito da rarrafe. Wata dattijuwa ce baƙa, da keken tura jarirai cike da kwalaye da gwangwanaye, irin matan da ke bin kwandunan shara suna tsintar abin sayarwa. Na sha ganinsu ta taga, ban taɓa yi wa ɗayarsu magana ba.

"Sannu Iya," na ce.

Ta zuba mini ido. "Ikon Allah! Bahausa ce? Ke ce ta gidan Alhajin?"

Na ce ni ce.

"To ina ya shiga? Wata da watanni famfo a bushe, muka ce ko kafili, ubangidan aikinsa, ya yi masa khuruj ne, ya sallame shi gida. Jiya da na taɓa na ji ruwa, wallahi har unguwarmu Hindawiyya na kai labari, na ce Alhajin famfo ya dawo."

Na gaya mata. Ta saki keken ta zauna a bakin kwalta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe ta ce, "Ya haƙuri, 'yata? Ya ƙarin haƙuri? Ba mu ji ba, wa zai gaya mana?" Ta ce masu shara suna sha a nan, da masu wankin mota, da su masu kwali, don wanda ba shi da iƙama ba ya son yawan tsayuwa a inda idanu suke. Ta ce za ta gaya wa sauran.

Wuƙar da na ɗauko don yanke robar tana hannuna duk wannan lokaci. Na ɓoye ta a cikin abaya, na cika mata gorarta da kaina. Bakina ya kasa faɗa mata cewa wannan ne ruwan ƙarshe.

Bayan ta tafi na koma ƙarƙashi na yanke robar, na zare tiyon. Na je shagon kayan famfo na sayo marfin toshe bututu da zoben ƙarfe mai kusa, na toshe reshen na ɗaure gam. Na kunna dinamo. Ya yi gurnani kaɗan, famfo ya yi tari na ƙarshe, ruwa ya zubo sumul. Na rufe, injin ya yi tsit. Aiki ya yi kyau, ban kuma taɓa jin baƙin cikin gyara abu kamar na ranar ba. Washegari da safe Balaraben ya zo, ya murɗa famfo ya ce mumtaz, wato ya yi kyau, aka gama takardu, ya ja motar ya tafi.

Bayan la'asar ina naɗe kwanuka a jarida don shirin komawa gida, na leƙa taga. Mutane ne tsaye a inda motar take a da, mata da kekunan kwalayensu, da maza cikin kayan masu shara, dattijuwar tana gaba. Suna ɗaga kai suna duban benen, ba su san wace taga ba ce. Na kwashi ruwan da ke cikin firij na sauka.

Suka yi mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, a rana. Ba wanda ya tambayi ina mota. Wani dattijo mai furfura a cikinsu ya ce, "Yalla, a yi masa addu'a kafin mu watse." Ya ɗaga hannu, sai kuma ya dakata ya juyo gare ni.

"Hajiya, yaya sunan marigayin? Mu Alhajin famfo kawai muka sani."

Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kiran sunansa ba. A gidanmu mace ba ta faɗin sunan miji, ko a asibiti aka tambaya sai dai in miƙa kati. Na waiwaya ina neman wanda zai faɗa a madadina, ɗa ko ƙani ko maƙwabci. Babu kowa a bayana sai ƙofar bene. Hannayensu na sama suna jira. Na buɗe baki na faɗa ƙasa-ƙasa, bai ji ba, ya matso ya ce in ƙara faɗa. Na sake faɗa da ƙarfi.