Gidan da Guduma Ya Tsallake

Ɗan ƙanena ne, a hannuna aka yaye shi, don haka ina da izinin faɗin gaskiya a kansa. Tun yana rarrafe bai taɓa kama abu ya sake shi da lafiya ba: kwano, kujera, haƙoran 'ya'yan maƙwabta. Sunan da ubansa ya raɗa masa ya ɓace tun yana firamare. Kowa Guduma yake ce masa, har matarsa, in ranta fari ne.

Da ya girma Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta dace da shi, ya shiga kamfanin rushe tsofaffin gine-gine. A karon farko yana fasa abu ana yi masa sannu da aiki, maimakon a biyo shi gida da ƙara. Masu wannan aiki, in ji shi, ba sa dukan bango sau ɗaya. Na farko tsagawa yake, na biyu ne ke kayarwa, kuma duk wanda ya tsaya a na farko, bangon ne zai zaɓi inda zai faɗa. Duka biyu ya shiga jininsa. Ƙofa zai buga, biyu. Sauro zai kashe, biyu, na biyun a kan gawa.

Wata rana wani bene ya yi masa gardama, rufin kankare ya sauko masa a ƙafa. Gwiwa ta farfashe, likitoci suka harhaɗa ta da ƙarfe, ya tashi yana jan ƙafa. Mai kamfanin ya tausaya, ya ba shi kujera a ofis. Kujerar ce ta fara kuka.

Kamfanin yana da shafi a intanet inda masu gidaje ke cike fom su nemi a rushe musu gini. Kowane gida da fom ɗinsa: hoto a sama, layi da lamba, ranar aiki, sai wani fili a ƙasa inda mai gida zai ƙara bayani in yana da shi. Fom ɗaya ke fitowa a fuskar kwamfuta a lokaci guda, ƙarƙashinsa maɓalli biyu, Na Baya da Na Gaba. Aikin Guduma kowace safiya shi ne ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ya karanta. Wanda mai shi ya ce a dakata, ya danna a dakata. Wanda bai taɓa ba, katafila za ta kai masa ziyara a ranarsa.

Aiki ne da mutum zai yi yana gyangyaɗi. Sai dai hannun da ya saba da guduma ba ya koyon ladabi a rana ɗaya. In ya kai linzamin kwamfuta kan Na Gaba, ƙas-ƙas yake dannawa, da saurin da ido ba ya kama gidan da ya gifta a tsakani. Ya ga gida, ya tsallake gida. Kafin shayinsa ya huce ya gama, mai kamfani na ta yabonsa da zafin nama. Ba wanda ya lura, don masu cewa a dakata ba su da yawa, kuma duk a rabin da yake gani suke faɗowa.

Ranar da abin ya fashe ina ofishin. Daga asibitin ido nake, na biya in sha iskar fankarsu, wadda ta fi tawa lafiya. Sai waya ta yi ƙara. Wani mai sayar da taya ne, shagonsa na layin baya, yana magana kamar ana soya shi. Maƙwabta sun kira shi cewa ana sauke katafila a ƙofar tsohon benensa, alhali ya rubuta a fom cewa a dakata. Akwai wani tsoho mai gyaran agogo a ɗakin sama, kunnensa ya mutu, ɗansa bai zo ya ɗauke shi ba, kuma hantsi lokacin barcinsa ne, a bayan sakata.

Guduma ya tambayi lambar gidan. Ya bi Na Gaba, ƙas-ƙas, har ƙarshe. Ya dawo da Na Baya, ƙas-ƙas, har farko. Gidajen da ya gani a tafiya su ya gani a dawowa. Ya ce wa mutumin babu wannan gida a kwamfutarsa, ya nemi kamfanin da ya ba aikin, ya kife waya.

Ban gama goge tabarau ba ƙofa ta daki bango. Mai taya ne, tumbi a gaba, ƙarfen cire taya a hannu. Ya kira shi jahili, Guduma ya haɗiye, don ba yau ya fara ji ba. Ya kira shi gurgu. Nan Guduma ya miƙe. Ni dai na kwashi jakata na koma bayan kabad, tabaraun sabo ne.

Naushin farko ya kwantar da hancin mai taya gefe guda, na biyu ya ajiye haƙorinsa a kan tebur. Suka rungume, suka kifar da fanka, kujera ta rabu da ƙafarta. Mai taya ya ciji kunne, Guduma ya buga masa kai da kabad ɗin da nake bayansa har takardu suka zubo mini. Da ya dafa tebur zai gyara tsayuwa, mai taya ya ɗaga ƙarfen ya sauke masa a hannun dama. Yatsun suka yi ƙarar busasshen kara. Su duka suka zube suna haki.

Mai taya ya tofar da jini ya ce, "Ka kashe ni an jima in kana so. Nemo gidan tukuna, akwai mutum a ciki."

Guduma ya ja gindi zuwa kwamfuta, dama na reto. Ya ɗora hagu a kan linzami, hannun da bai taɓa jagorar duka ba, ya danna sau ɗaya. Wani gida ya fito wanda bai taɓa gani ba. Ya sake dannawa, sai wanda ya sani. Ya sake, sai wani baƙo. Can sai ga benen, fentinsa a koɗe, bayanin mai shi na zaune a ƙasa yana jiran mai karatu.

"Gwaggo," ya ce, "tun yaushe waɗannan gidajen suke nan?"

"Tun ranar da ka zauna a kujerar, ɗan nan. Tashi."

Ya danna a dakata, amma katafilar da ta riga ta isa ba ta karanta fom. Ya kira shugaban leburori, wayar ta yi ta ringi a banza. Sai ga mutanen da ke neman ran juna ɗazu a kan babur ɗaya, mai taya na tuƙi da karyayyen hanci, Guduma na riƙe da tumbinsa da hannu guda. Na tari tasi na bi su.

Na tarar katafila ta riga ta cinye matakala da barandar gaba, ta ɗaga baki tana nufin ɗakin sama. Leburorin sun buga ƙofofi da safe ba wanda ya amsa, takardarsu kuma ta ce gida babu kowa. Guduma ya tsallake igiyar da aka kewaye wurin da ita yana ihu, amma direba na cikin gilashi da abin toshe kunne. Wani mai gadi ya riƙe shi, Guduma ya sa masa goshi a baki. Ya suri guduma daga hannun wani lebura ya wurga da hagu. Gilashin ya tarwatse, direba ya dafe fuska jini na bin yatsunsa, bakin katafila ya tsaya a sama.

Yawancin leburorin sababbi ne, ba su san shi ba. Mahaukaci suka gani ya fasa wa ɗan uwansu kai. Suka rufe shi da ƙotar shebur, wani na tattaka gwiwar nan mai ƙarfe, ni ina zagin iyayensu ɗaya bayan ɗaya ba mai saurarena. Sai da shugabansu ya kutsa ya gane fuskar sannan aka ɗaga. Haƙarƙari ya riga ya tafi. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne akwai tsoho a sama.

Aka kafa tsani, aka fasa taga. Rabin bangon ɗakin ya zube, ƙafar gadon na lilo a iska. Suka sauko da tsohon fari fat da ƙura, goshi a tsage, yana ƙanƙame da akwatin kayan aikinsa. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya duba taron, ya zaɓi mai taya, ya kwaɗa masa akwatin a hancin da aka riga aka karya, yana tambayar wa ya ce a tashe shi.

Mai kamfani ya sa masu kwamfuta sun bi duk gidajen da aka tsallake, ya mayar da Guduma gadin ma'ajiyar kaya, inda ba abin dannawa sai kwado. Yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Direba har yau ba ya amsa gaisuwarsa.

Daga gadon asibiti, a naɗe da bandeji kamar saƙo, Guduma ya roƙe ni in sauki tsohon a ɗakin ƙofar gidana kafin ɗansa ya zo. Ɗan bai zo ba har yau. Kullum da yamma Guduma na jawo ƙafa ya leƙa ɗakin, ya tabbatar yana numfashi, sannan ya gaishe ni. Tsohon kuwa yana cin abincina yana kushe gishirina. Duk zagin da na ɗora masa murmushi yake yi yana gyaɗa kai, wai shi a zatonsa hira nake masa.