Jakar Honarabul Da Na Ɗauka A Doha

Ku yarda ko kar ku yarda, ni ɗin nan mai gyaran AC a wani otal a Lusail, akwai Honarabul guda da ya taɓa neman alfarma a wajena. A gida ni ɗan gaban motar kamfen ɗinsa ne, muryata har lasifika tana jin kunyarta. Da aka ci zaɓe aka manta da ni, na koyi gyaran AC na taho Doha.

Ina cikin rufin asirina sai wata Anti 'yar Jos, nas ce a unguwar Al-Sadd, ta ce min ta hango Honarabul ɗinmu a wani shago. Tsohon ciwo ya motsa. Kwana uku ban leƙa aiki ba, ina bayansa da jaka, ina ranka ya daɗe har da sarƙewa. Ya ce min kujerar mai ba shi shawara tana can gida tana jirana. Na rubuta takardar ajiye aiki na sa a aljihu, har hular da zan sa ranar rantsuwa na zaɓa. Shugabana a otal kuwa ya aiko cewa in na ƙara kwana ɗaya, khalas, in haɗa kayana. Anti ta ce in koma, na ce mata ba ta san siyasa ba.

Ranar da Honarabul zai tafi, a unguwar Mushairib, ya ja ni gefe ya miƙo min ambulan. Na ɗauka takardar naɗi ce. Ashe takardun ɗansa ne, ya gama jami'a yana zaune a gida. Ya rage murya ya ce shi ma tikitin takara ya kuɓuce masa, in taimaka in yi wa ɗan hanya a wajenmu. Gudun da na yi zuwa tashar jirgin ƙasa na metro ranar, jirgin ma sai da ya yi mamaki. Na ba shugabana haƙuri, na tsira da aikina, kuma yau ɗan Honarabul a hannuna yake koyon cika wa AC gas.

'Yan'uwa, in kuna da sana'a ku riƙe ta gam, kar alkawarin kujera ya raba ku da ita. Da na je ina yi wa Anti burga cewa yanzu ni ne babba, ko kallona ba ta yi ba ta ce: "Babban ina? Ka tafi neman ubangida, ka dawo mana da ɗan riƙo."