Dattijon da Ke Tsoron Aradu

Ranar kasuwar Roni ce, hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, har dogarin Sarki ya nemi mafaka. Wani dattijo kuwa yana tsugune a bakin rumfar da Malam Ishaya, mai wa'azin 'yan mishan, yake karanta Linjila. Da alama Bamaguje ne, daga shi sai warki, ga shatin kambu a dantsensa kamar yau ya tsinke shi. Da sama ta yi ruri sai ya dafe ƙeya.

Ni da nake gefe ina kallo, ban san shi ba. Amma irin wannan firgita, ina zaton sai wanda ya rantse da aradu a kan ƙarya, ya cinye gonar wani.

"Malam," in ji dattijon, murya ƙasa-ƙasa, "gafarar nan da kake faɗa, har da wanda aradu ke nema?"

"Har da shi, Baba. Almasihu ya mutu dominsa. Ka tuba, ka mayar wa mutane abinsu."

Tsawa ta fashe, dattijo ya kifa da fuska. Can ya ɗago yana shafa ƙirjinsa, ya ga da ransa.

"Malam, sake faɗa mini," ya ce.