Sunan Muntaka a Cikin Inji

Muntaka ya shigo Jidda da umara a shekarar 1981, jirgin komawa ya tashi yana laɓe a unguwar Karantina. Ya yi dako, ya yi wankin mota, ya auri Zinariya, suka haifi Mastura. Bai taɓa riƙe iƙama, takardar izinin zama, ba, kuma ya bi dokar marasa takarda sau da ƙafa, wato kada ka yarda a rubuta sunanka a ko'ina. Ko mai burodin unguwa Abu Mastura ya sani.

Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya samu shara da aike a shagon kwamfuta na Saleh a unguwar Hindawiyya. Saleh jikan Bahaushe ne, haifaffen Jidda, mai takardar ɗan ƙasa. Kawu yake ce wa Muntaka, baki kamar zuma, amma irin mutanen nan ne da ba sa gaishe ka sai da dalili.

A lokacin akwai manhajar kulle bayanai a kwamfuta. Amurka ta hana fitar da mai ƙarfin daga ƙasarta, mai rauni ake sayar wa sauran duniya. Saleh ya samo mai ƙarfin ta hannun wani ɗalibi, ya shiga kwafa a faifai yana sayarwa a ɓoye. Sai dai tana neman sunan mai ita kafin ta yi aiki, shi kuwa ya fi ƙarfin ya sa nasa.

"Kawu, taho," in ji Saleh. "Sunanka zan sa, kai ne mudir, shugaban shago. In kasuwa ta yi, ni ne kafilinka, ni zan tsaya maka, iƙama ta samu an gama."

Muntaka ba ya karanta boko. Saleh ya nuna masa da yatsa, ga Muntaka, ga sunan mahaifinsa, Abdulghani. Daɗi ya rufe tsohon har ya manta dokar da ta tsare shi shekara da shekaru.

"Malam, suna a cikin inji?" in ji Zinariya. "Raina bai kwanta ba."

"Ba ki san zamani ba. Kullen nan ko Amurka ba ta iya buɗe shi."

Haka ya riƙa faɗi a majalisa, yana gyara hula.

Ana nan sai jami'an tsaro suka kama kwamfutar wani ɗan fasa-ƙwauri da ya sayi faifan Saleh, ya kuma tsere. A kulle take, abin da ake iya gani kawai sunan mai manhajar. Suka bi sawu har shagon. Saleh ya tarbe su da Larabci tsantsa, ya ce Muntaka mai shara ne, shi bai san abin da yake yi da injunan ba idan an fita salla. Ko kallon kawun nasa bai yi ba.

Suka zaunar da Muntaka gaban kwamfutar, suka ce ya buga kalmar sirri.

"Wallahi ni da tsumma nake taɓa ta," in ji shi.

Mari ya fara sha. Da mai raunin ce, da an fasa ta an ga ba ruwansa. Amma wadda yake alfahari da ita ce, ta kuwa cika alkawari. Duk ranar da ta ƙi buɗuwa sai su ƙara yarda babban ɗan hannu suka kama, su ƙara masa. A nan ya bar haƙora biyu da jin kunnen hagu.

Zinariya ta je wajen Saleh tana kuka. Ya tare ta a bakin ƙofa.

"Ya hala, inna, kada ki sake zuwa. Ke ma ba ki da iƙama, Mastura ma haka."

Da suka gaji da shi, suka tura shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, aka sa shi a jirgin Kano da jallabiyar da aka kama shi da ita. Matarsa da 'yarsa ko rakiya tsoro bai bar su sun yi ba.

Ba a rufa shekara ba Amurka ta sassauta dokar. Saleh ya fito da faya-fayan ya jera a gaban shago, kowa na saye a sarari. Bai ma damu ya canja komai ba. Duk wanda ya kunna, Muntaka Abdulghani ke fara fitowa, sunan na zaune daram a Jidda, ba mai tambayarsa takarda.